Mijin Ƙanwata Ya Zubar Mata da Haƙora

Assalamu alaikum mai gabatarwa, Allah shi ƙara maka lafiya. Ni ce Hadiza daga Tajaye.

Ƙanwata Rabi tana aure a Dogarawa, mijinta direban taksi ne. Kullum in zai fita sai ya kulle ta da kwaɗo, ko rijiya ba ta zuwa. Da innarmu ta rasu ma, hana ta zuwa ya yi. Bayan sadakar bakwai na tafi da kaina, na sa maƙwabta sunka ɓalle ƙofar. Na iske haƙoranta biyu babu. Ta ce, "Yaya, wai gishiri ne ya yi yawa a miya."

Ranar na taho da ita gida. Shekaranjiya mijin ya zo biko da goronshi, baffanmu na ta cewa a yi haƙuri. Na ce, "Baffa, in ta koma, gawarta za a kawo maka."

Wallahi ban yafe ba. So nake jandarma su ɗaure shi tsakiyar tasha, abokan aikinshi na kallo, shi ma ya ɗanɗani wulaƙanci. Takardar likita na hannuna. Masu saurare, wane buro, wato ofishin hukuma, zan kai ta inda ba za a ce mini in yi haƙuri ba?