Jinin Fenti a Tashar Tsafe

A tashar motar Tsafe da ke Gusau, Malam Labbo yana zaune yana jiran mota ta cika. Mutumin da ke gefensa ya ƙura wa waya ido, sai ƙyaƙyata dariya yake yi. Malam ya leƙa, ya ga an fille kan wata Baturiya, jini yana tsartuwa.

"Subhanallahi! Bawan Allah, wannan ne abin dariya?"

"Tsohon fim ɗin Italiya ne, Baba. Dubi jinin, kamar fentin ƙofa. Kan ma na roba ne, ga ɗinkin nan a wuya."

"Jinin da muke gani a ƙasar nan bai ishe ka ba?"

Mutumin ya ɗago kai.

"Na gani, Baba. 'Yan bindiga ne suka tashe mu daga ƙauyenmu. Na daɗe ko yankan kaza ba na iya kallo. Ranar da ƙanena ya turo mini wannan, na ga wani dodo a cikin fim ɗin ya taka wutsiyarsa ya faɗi, sai na tuntsire da dariya. Matata ta fito daga madafa tana hawaye, wai ta manta yadda dariyata take."

"To, ita wannan da aka yanka fa?"

"Ana gama ɗauka za ta tashi ta yi wanka, ta ci taliyarta."

"Yanzu ina ka nufa?"

"Gida. An ce hanya ta yi sauƙi, zan share gona kafin ruwa ya sauka."

Malam Labbo ya goge tabarau, ya matso kusa.

"Allah ya ba da damina mai albarka. Ƙara mini sautin, kunnena ba ya ji sosai."