Bayan Sankara, Sai Harshena Ya Yi Nauyi

'Yan'uwa, salamar Yesu Almasihu ta tabbata a gare ku duka.

Ni ce Madam Hannatu, wadda ta koyar da 'ya'yan wasunku a lakkwal. Ƙanwata Rahila ce ta rubuta wannan, ita ke karanta muku. In na ce zan faɗa da bakina, sai rana ta faɗi ba mu kai rabi ba.

Shekara tara ke nan da aka cire mini mama ta hagu a Yamai. Sankara ce. Na rayu, amma na kasa manta matan da na bari a layin asibiti, waɗanda suka iso bayan ciwo ya riga ya fashe. Da na dawo Filinge sai na haɗa kai da Hadiza mai sayar da atamfa, musulma, wadda wannan ciwon ya kashe yayarta. Muna shiga gida-gida, muna raka mata tasha, muna gaya musu ƙofar da za su nufa in sun isa Yamai.

Abu ɗaya muke roƙo: a riƙa turo mai duba mata nan garin, ko sau ɗaya a wata. Duk Oktoba, watan da aka ware wa sankarar mama, manya na zuwa da riguna masu ruwan hoda, a yi jawabi, a ɗauki hoto da mu, motoci su juya. Mu kuma mu koma zaman makoki.

Shekara biyu da suka wuce cokali ya fara suɓuce mini. Daga nan ƙafa, sannan harshe. Lokotoron asibiti a Yamai ya ce wata cuta ce dabam, sunanta SLA, tana kashe jijiyoyin da ke motsa jiki ɗaya bayan ɗaya, hankali kuwa yana nan garau. Na ce, "Ina maganin?" Ya sunkuyar da kai kan takardarsa. Ita wannan cutar ba wanda ya ba ta wata, ba wanda ya ɗinka mata riga. Duk ƙasarmu ta Kurfai ban san wani mai ita ba.

Oktoban bara aka kai ni taro a keken guragu. Mai shirya taron ya raɗa mini, "Madam, godiya kawai za ki yi, minti biyu." Ni kuwa na fara jera sunayen matan da muka rufe. Harshe ya ƙi. Maganata ta fito kamar ta wanda ya sha ya bugu, wasu a baya suka yi dariya. Mai shirya taron ya zare mikoro daga hannun Rahila ya ce, "Madam ta gaji, a tafa mata." Aka tafa.

Ba zan ɓoye muku ba, daga ranar na yi fushi da Allah. Na sa Rahila ta rufe ƙofa. Wata uku ban zo sujada ba, fasto ya zo sau biyar na juya fuska ga bango. Na rage cin abinci da gangan. Mutuwa nake so, 'yan'uwa!

Wata Laraba da rana, Rahila ta gama yi mini wanka, gumi na zuba mata. Ta ce, "Yaya, mu yi addu'a." Na ce, "Yi ke." Ta durƙusa bakin gado ta ce, "Ya Yesu, yayata ta gaji, ni ma na gaji. Ba mu ma san abin da za mu roƙe ka ba." Ban taɓa tunanin gajiyarta ba sai ran nan. Kuka ya ƙwace mini. A zuci na ce, "Ubangiji, ga abin da ya rage na jikin nan, karɓi." Hannuna bai motsa ba, amma ƙuncin da ke ƙirjina ya sauka. Na ce a dama mini fura.

Bayan mako biyu Hadiza ta zo da wata Bafulatana daga wajen Damana, sunanta Jumma, da kullutu a mama. Hadiza ta ce, "Madam, na yi maganar duniya ta ƙi. Wai duk wadda aka yanka ba ta dawowa."

Na yi ƙoƙarin magana, Jumma ba ta gane ko kalma ba. Sai na yi wa Rahila ido ta ɗaga mini riga. Jumma ta daɗe tana kallon tabon, ta sa yatsa ta taɓa. Ta ce, "Shekara nawa?" Rahila ta ce, "Tara."

Ta tafi Yamai. An yi mata aiki, ta dawo da ranta. Haleluya!

Ban warke ba. Yanzu haɗiyar ruwa ma aiki ce, kuma har yau ba a turo mai duba matan ba. Hadiza ce ke yawo da takardar koken daga ofis zuwa ofis. Amma Yesu ya cece ni daga son mutuwa, na gode masa da ɗan numfashin da nake da shi.

Wanda ya gaji a cikinku, ya gaya masa haka nan, ko da ba ya da abin roƙo. Ku dogara gare shi. Yana ji. Amin.