Kunun Inna Azumi Zai Jira

Assalamu alaikum. Mai girma shugaban taro, iyayenmu hakimai da dagatai, malamanmu, shugabannin direbobi da 'yan kasuwa, jama'ar Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar, ina gaishe ku da gaisuwar girma. Sunana Safinatu, ni ce shugabar ma'aikatan jinya a ɗakin kulawa ta musamman. Na gode da kuka kira ni, ko da yake na san ƙarata aka kawo: an ce muna korar 'yan dubiya.

Gaskiya ne, muna kora. Ku ba ni dama in faɗi dalili.

Da farko, wanda ke kwance a ɗakin nan ba zazzaɓi ya kawo shi ba. Mutum ne da na'ura ke taya shi numfashi, wanda ba ya iya cewa nan ke yi mini ciwo. Nas ce take lura a madadinsa. Tana duban bugun zuciyarsa, tana auna abin da ya shiga jikinsa da abin da ya fita, tana juya shi kada bayansa ya yi gyambo, kuma ita ce za ta fara ganin canji kafin a kira likita.

Na biyu, ba a tsintar wannan aiki. Sai an gama makarantar jinya an karɓi lasisi, an yi aiki a ɗakunan marasa lafiya, sannan a koma karatu na musamman. Bayan takarda kuma ana son natsuwa, da saurin yanke shawara, da zuciyar da za ta iya ce wa sa'ar mahaifiyarta a'a.

Wannan na ƙarshe ya fi mini wuya. Ɗan'uwanku Ƙasimu, direban da motar shanunsa ta kife a hanyar Maigatari, yana wurinmu yanzu haka. Shekaranjiya mahaifiyarsa, Inna Azumi, ta shigo da kwanon kunu a ƙarƙashin hijabi, har ta kai cokali bakinsa na riƙe hannunta. Ta ce, "Haba 'yar nan, ni da na haife shi, in zuba ido yunwa ta kashe shi?" Na ce, "Inna, abincinsa ta wannan robar ta hanci yake shiga. Ba ya iya haɗiya. Cokalin nan huhunsa zai tafi." Ta zauna tana kuka, wallahi ni ma sai da na juya baya na share nawa. Ƙauna ce ta kawo kunun, kuma da ya shiga, da yau zaman makoki muke.

Saboda haka ku yi fushi da ni, na ɗauka. Ku zo dubiya ku tsaya a baranda, ku yi masa addu'a, tana isa inda ƙafa ba ta isa. Amma ƙofar nan ba zan buɗe ta ba, ko wa aka turo mini.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya kare direbobinmu a hanya, Ya mai da kowa gida lafiya. Allah Ya nuna mana ranar da Ƙasimu zai karɓi kwanon nan da hannunsa ya sha. Na yi wa Inna alkawari, ranar ni zan dama.

Na gode.