Injinmu a Bayan Igiya

Shugaban ƙungiya Torben Vestergaard, ma'aji, 'yan kwamitin da suka zauna a gaba kamar ba su san abin da ya tara mu ba, dattawanmu, 'yan uwana manoman dankali maza da mata, barkanmu da rana.

Ni ce Birthe Skovgaard, ga sababbin shiga. Na fara da gode wa kwamiti bisa yawon buɗe idon da ya shirya mana ranar Asabar. Bas mai laushi, kofi mai zafi, kek har yanka biyu. An kai mu gidan tarihi a birni domin mu kalli baje kolin noman zamanin da, mu da muka baro noman a tsakar gida yana jiran mu dawo.

Abu na farko, kuɗin shiga. Kurona ɗari da hamsin kowane kai. A farashin da dillali yake ba mu, kilo saba'in da biyar ke nan na dankali, wanda mutum ya shuka, ya yi wa feshi, ya tono. Na biya buhu uku domin in kalli garma.

Abu na biyu, abin da muka tarar a babban zaure. An kewaye shi da jar igiya, an haska masa fitila, an goge shi fes. Injinmu ne na tantance dankali. Injin da muka yi karo-karo muka saya, wanda yake zagaya gonakinmu bi da bi, kowa da makonsa. Kwamiti ya ba da aronsa wata shida, kuma saboda tsabar hikima, daga watan Satumba, ana tsakiyar tono.

Ejnar Mogensen, dattijo ɗan shekara saba'in da ɗaya, ya ga bel ɗin ya saki, ya miƙa hannu. Sai yarinyar da ke zagayawa da mu ta ce, "Baba, ba a taɓawa. An daina aiki da irinsa shekara arba'in ke nan."

Ya ce, "'Yata, bara na sa masa bel ɗin nan da hannuna."

Ta ce, "To ai ga shi a rubuce, Baba."

Ya ce, "A rubuce yake a bangon rumbuna ma, jibi ne layina."

Ta yi dariya, ta ɗauka raha yake yi. Ni kunya ce ta kama ni, har yau ba ta sake ni ba.

Abu na uku, kuma shi ne ya tsayar da ni a gabanku. Tan sittin na dankali ke jibge a rumbun Ejnar. Motar dillali za ta zo ranar Juma'a. In an tantance, kurona biyu kilo. In ba a tantance ba, sai masu yin sitaci, kuma abin da suke bayarwa ko takin bana ba zai mayar ba. Ya gaya mini da bakinsa: in haka ta faru, ba zai sake shuka ba, gonar za ta tafi. Ku duba kujerarsa, babu kowa. Yana can shi da matarsa Gudrun, suna tsinta ɗaya bayan ɗaya.

Na buga wa gidan tarihin waya. Mutanen kirki ne, sun ce gobe ma a zo a ɗauka, muddin shugaba ya rubuta cewa kuskure aka yi, injin yana aiki. Sai dai in an ɗauke inji, za a cire allon tagullar da aka kafa kusa da shi, wanda aka zana sunan shugabanmu a kai a matsayin mai ba da aro. Kwana huɗu ke nan yana nazari.

Torben, tare muka yi makaranta, ba zan yi maka kara ba. Na rage maka wahala, na rubuta takardar, layi biyu ce. Tirelata ta ɗauko injin tana waje, a ɗaure a bayan mota.

Allah ya albarkaci wannan taro, ya ba mu kaka mai auki da farashi mai mutunci, ya ƙara wa Ejnar da Gudrun ƙarfin baya, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode. Shugaba, ga biro.