Ƙaramin Abu Ɗaya Ya Rage

A bencin jira na asibiti, wata maijego da labari ke ci ta gyara goyonta, ta juya wajen dattijuwar da ke gefenta.

"Mama, ki taya ni murna. Baban yaron nan ya sayi mota! Ƙatuwa, tsohuwar ta sojoji, taya shida. Sai da ya ɗaga ni na iya hawa."

"Tana tashi?"

"Ƙaramin abu ɗaya ya rage, famfon mai. Ni ma da hannuna a ciki, keken ɗinkina na sayar."

Dattijuwa ta daɗe tana kallon jaririn.

"Tamu ma da famfon mai ta fara. Motar soja ba ta cin kayan kasuwa, 'yata, sai na gawar 'yar'uwarta. Malam, maigidana, ya sayo gawar irin motar ya ciro famfo, sai giya ta ƙi shiga. Ya sayo wata gawar, sai birki. Gonarmu tana cikinta, awakina ma suna ciki."

"Amma daga baya ta yi amfani, ko?"

"Sosai. Kajina a ƙarƙashinta suke ƙwai."

Maijego ta yi dariya, ta ga ita kaɗai ke yi.

"Yanzu tana ina?"

"Bayan rasuwar Malam muka rasa mai ɗauka, sai kwanan nan wani bawan Allah ya zo da igiya aka ja masa ita. Har godiya yake yi mana."

Maijego ta daina jijjiga goyon.

"Mama, ƙofar direbanta ɗaure take da waya?"

Dattijuwa ta sunkuyar da kai.

"Ni na ɗaure ta, 'yata. Ki yafe mana."