Lado Yana Rina Jininsa

A tashar Dutsin-Ma, tsoho Lado na Kurfi yana ta kurɓar zoɓo. Wani mahauci a gefensa ya kasa shiru.

"Baba, ka rage wa jama'a mana."

"Aikin ciwon daji aka yi mini a tumbi, yaro. Gobe likita zai ɗebi jinina, wai a nan ake ganin ko mutum zai daɗe. Rina shi nake, ya fito ja wur."

Mahauci ya tuntsire da dariya. "Na'ura ke dubawa, Baba, ba ido ba! In ka ruɗi likita, Mala'ikan Mutuwa ma zoɓo za ka miƙa masa?"

"Wa ke ta likita? Autata Batula ke raka ni. Wancan karon ta ga jinin baƙi-baƙi, har muka koma gida tana kuka."