Uwar Uku a Cikin Ƙanƙara

A cikin wata tasi a garin Juniya, Rafƙa ta matsa wa wani limamin coci, irin waɗanda ake kira Abuna, ya zauna.

"Ina zuwa, Abuna?"

"Zaman kwamiti, 'yata. Za mu tare dokar da ta bar likitoci gwaji da 'yan tayin kwalba. Mutane ne cikakku."

Ta juyo gare shi.

"To, nawa uku na asibiti cikin ƙanƙara. Surukata kuwa juya take kirana, tana zuga ɗanta a warware aurenmu. Taho ka shaida mata ni uwar uku ce."

"Ai tun farko Coci ta hana haɗa su."

"Amma mutane ne?"

Ya kalli taga.

"Direba, sauke ni nan."

"Abuna, ko baftisma ka yi musu mana! Sanyin ruwa ba zai dame su ba."